Injin Sussukar da Alhaji Lawal Ya Ƙi Sa Wa Sunansa

Ina tsugune gindin wani inji a Birchi da hantsin Talata, hannuwana duk baƙin mai, sai ga wayar Kabiru, babban ɗan maigidana. Bai iya ƙarasa sallama ba. Ya ce, "Malam Sani, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar sifanar kwance noti a ƙasa na kama hanyar Dutsin-Ma.

Na daɗe ina aikin walda a shagon Alhaji Lawal, inda muke ƙera injinan sussukar gero. Mutum ne mai faɗa a kan aiki, amma faɗansa ba ya kwana. In ka yi walda a karkace, sai ya ɗaga ƙarfen ya ce, "Wanga ko akuya ba ta yarda a ɗaure ta da shi." Kafin azahar kuma shi zai turo maka fura.

Wata kaka matan Barkiya suka kawo ƙorafi, wai injinmu yana fasa ƙwaya, kuma sai sun sake shiƙa da hannu. Na yi ta kai da komo da abin a raina har na sauya ragar da ke tace geron, na ƙara wata fanka mai kore ƙaiƙayi. Geron ya fito tas. A shagon Alhaji na yi, da ƙarfensa, a lokacin aikinsa. Da labari ya bazu, aka ba shi shawara ya yi wa ƙirar rajista kafin wasu su kwaikwaya.

Nan Shaiɗan ya shige ni. Abokai suka ce ai shi ke nan, wahalata ta zama tasa. Na yarda da su. Mako guda ina gaishe shi da baki kawai, fuska a ɗaure. Sai ranar Litinin ya ce in sa riga mai kyau, za mu Katsina wurin lauya.

Lauyan ya yi mana bayani dalla-dalla: abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikin da aka ɗauke shi dominsa, doka ta mallaka wa maigida. Alhaji ya gyara hula ya ce, "To, na ji. Doka ta ba ni. Akwai inda ta hana ni kyauta?"

Lauya ya ce babu, amma ya kamata Alhaji ya yi tunanin 'ya'yansa.

Alhaji ya ce, "Su nake tunani. Ban son su gaji abin da ba gumina ba. Ƙarfen nawa ne, kan da ya yi tunanin na Sani ne. Rubuta sunanshi."

Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai. A mota na so in nemi gafararsa kan zaton da na yi masa, sai ya shiga zancen tsadar ƙarfe har muka iso gida. Na ce gobe. Goben nan na yi ta ja har aka sa shi a makwancinsa ban faɗa ba, kuma abin yana cina.

Alhaji, na zalunce ka da zato, ka yafe mini.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba matarsa Hajiya da Kabiru da ƙannensa haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Amin.