Ko Ƙafar Dokin

A shagon tantance zane da ke tsohon birnin Lahore, Farkhanda tana kallon wata tsohuwa da ba ta taɓa gani ba. Mayafinta ya koɗe, takalmanta sun sha hanya, da alama daga ƙauye ta taso. Tana warware wani ƙyalle a hankali, kamar mai buɗe jariri. Zanen doki ne a ciki.

Farkhanda ta kafa masa gilashin ƙara girma. Layin ɗalibi yakan tsaya inda ya ja numfashi. Wannan kuwa daga kunne har wutsiya numfashi ɗaya ne.

"Albishirinki, Inna. Hannun babban mai zane Ustaz Inayat ne da kansa."

Kowa wannan maganar yake zuwa nema. Ita kuwa tsohuwar ba ta yi murna ba.

"Sake dubawa, 'yata. Ɗana Shafkat shekara tara yana koyo a wurinsa. A jakarsa na same shi bayan ya rasu." Ta ɗora yatsa a ƙasan takardar. "Ko ƙafar nan ma ba ɗana ne ya ja ba?"

Farkhanda ta daɗe tana dubawa. Ƙafar ba ta da aibi ko ɗaya; ita ma Ustaz ne ya ja ta.