Ranar Duba Wuya

Wata Laraba ce da bazara, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, aka jera mu a gindin tsamiyar ƙofar dagaci, maza gefe, mata gefe, aka ce kowa ya sauke mayafi ya buɗe wuya. Masu neman ciwon barci ne suka zo ƙauyenmu, can kudu da Tudun Wada, bakin dajin Falgore. A lokacin ko zane ban iya ɗaurawa da kyau ba. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani babu mai gyara mini shi.

Tun da kaka dagaci ya sa aka yi shela cewa an hana shiga kurmi, don can ƙudan tsando yake, mai kawo ciwon. Duk gidan da aka samu mai kumburin wuya, to sun taka doka: a tafi da majinyaci, sauran kuma a tashe su daga gari. Daga nan zama ya lalace. Mutum yana gaishe ka, idonsa na kan wuyanka. Tsoho ya yi gyangyaɗi bayan azahar, kafin la'asar maganar ta isa zauren dagaci. Mu yara, ko carafke muke yi ko korar tsuntsaye a gonar dawa, mintsinin juna muke kada wata ta lumshe ido. Kakata takan ce, "Ku danne hammarku, katanga ba ta da tsawo."

To amma da rani ya yi nisa rijiyarmu ta ƙafe. Da asuba mata kan ɗauki tulu su sulale rafin kurmi, Innata a cikinsu. Kowa ya sha ruwan, ba wanda ya tambayi inda ya fito.

Ana cikin haka kaluluwa ta fito mini a bayan kunne. Inna na cuɗa ni ta ji ta, sai soson ya faɗi daga hannunta. Ba ta taɓa zuwa da ni kurmi ba, amma ta sa a ranta laifinta ne ya tsallake ta ya fito a jikina. Ta daina cin abincin kirki. Kullum tana gasa mini wurin da tsumma mai zafi, tana surfe tana waiwayena.

Ranar layin, ɗaya daga cikin ma'aikatan ya taɓa wuyan Inna ya wuce. Da ya zo kaina yatsunsa suka tsaya. Ya zana mini alli a goshi, ya ja ni gefe, ya soka allura ya ɗebi ruwan wurin, ya sunkuya kan madubinsa na duba ƙwayar cuta. Bai ɗago ba Inna ta fito daga layi, ta durƙusa gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta san hanyar kurmi ba. Ni na shiga. A tafi da ni."

Dagaci ya tambaye ta ita da wa. Ta dubi layin matan nan, kowacce ta dafe wuyanta, ta ce ita kaɗai. Sai ga ma'aikacin ya ɗago, ya ce ba komai, ƙurji ne a ƙarƙashin kitsona ya jawo kumburin.

Magana kuwa ta riga ta fita a gaban baƙi, dagaci ya ce ba shi da yadda zai yi da ita. Kafin ruwan shuka aka tashe mu, muka kwashe kayanmu muka koma wajen Kiru. Cikin matan da suka bi sawun tulunta, ko ɗaya ba ta raka mu bakin gari ba.

Yanzu kurmin ya zama gona, in ji masu zuwa. Yaro ya kumbura, a ɗora shi a acaɓa sai asibiti, ba mai tambayar abin da uwarsa ta aikata. Nakan ce, da a ce Inna ta jira mutumin nan ya ɗago kai, da a garinmu na tsufa. Amma da ta iya jira, da ba Innata ba ce.