Binciken da na kai Sevran

A duk benayen Minguettes, unguwarmu a Lyon, daga hawan ƙasa har na ƙololuwa, babu uban da ya kai ni sa ido. Ko ƙuda ne ya shigo falona sai na san gidan da ya fito. Don haka da ɗiyata ta fari ta dawo daga bakans, wato hutun makaranta, a wajen ƙanwar uwarta a Sevran, gefen Paris, ta ce ita judo take son shiga, nan take na gane an shuka mini wani abu a gida.

Yarinyar da ko tari na yi sai ta sunkuyar da kai, ga ta ina faɗa tana kallon ƙwayar idona tana cewa, "Baba, saboda me?" Na laluba ƙarƙashin tele na tarar da faya-fayan zanen Japan. Ni a sanina duk abin da aka zana na yara ne. Amma a jikin kwalin ga wata 'yar yarinya mai idanu kamar faranti, da takobin da ya fi ta tsawo, jini har gwiwar hannu. Na tambayi matata, ta ce "Oho," ta ci gaba da yanka albasa. Ohon bai kwanta mini ba, sai dai zargina ya riga ya hau jirgin Paris.

Da bakans ya sake zagayowa na ce ni zan kai ta da kaina, in kalli abin da idona. In bai yi mini ba, da ita zan dawo Lyon a ranar. Muka hau jirgi sai Sevran.

Akwai wasa tsakanina da ƙanwar matata, ka san ƙanwar mata da mijin yaya, tana faɗa mini abin da ko ambasada ba zai faɗa ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba na ce, "Ke ce ke koya wa ɗiyata yanka mutane?"

"Zauna, kwamishina," in ji ta. Ta sa faifai.

Na harɗe hannu. Yarinyar zanen ta tare sojojin da suka zo ƙona ƙauyensu. Sara ɗaya, hannun wani ƙato ya yi sama, na rantse har yau bai sauko ba. Sai na tuna ban duba shayi ba. Na dawo ana cire kai, na tuna ban sabunta alwala ba. A karo na uku tagar falon na tsaya yabawa. Ɗiyata kuwa tana cin gyaɗa, tana yi mini bayani cewa yarinyar zanen ba a banza take sara ba, ƙanenta take karewa.

Da aka gama na gyara murya. "Wannan zai firgita yarinya. Ɗauko jakarki."

Ɗiyata ta ajiye gyaɗar, ido ya kawo ruwa. Ƙanwar matata ta ɗauke jakar ta kai ɗaki, ta dawo tana share hawayen dariya.

"Faya-fayan nan daga gidanka suke zuwa, yaya ce ke aiko mini in sun gama kallo. Bar mini ɗiyata ka koma Lyon, amma ka zauna kusa da mata a jirgi. Duk danginmu kai kaɗai ne ke rufe ido."