Kayan Yaya a kan sikelin gyaɗa

A shekarar da damina ta sake juya mana baya, mijin yayata ya aiko daga Jidda, inda yake ɗinki, cewa ta haɗa kaya ta same shi. Ita za ta bi jirgin sama, kayan kuwa wani ɗan kasuwa a Tasawa zai haɗa da nasa su bi ta ruwa. Ya ce akwatin ƙarfe biyu kawai, kuma kada nauyi ya wuce yadda ya yanka.

Muna ƙauyen Gidan Amumune lokacin. Ni da Yaya muka baje ɗakinta a tsakar gida. Kowace tasa muka naɗe ta cikin zane, muka danna cikin akwati, na hau murfin na zauna har ya rufu. Muka ɗora a amalanke zuwa kasuwa, wurin tsohon sikelin gyaɗa da ya daɗe bai ga buhu ba. Nauyi ya wuce. Muka dawo muka kwance, muka rage. Kashegari ma ya wuce. Ga shi ba komai a cikinmu sai tuwon jar dawar taimako, in na ɗaga akwati sai jiri ya ɗebe ni.

Awon da ya biyo baya, ƙaruwa ma ya yi. Yaya ta tona ƙasan akwatin, sai ga ƙullin gero. Innarmu ce ta cusa shi, daga ɗan irin da ta ɓoye don shuka.

"Inna, can akwai abinci. Ku ne ba ku da shi."

"Akwai geron fura?"

"Ban sani ba."

"To, bar shi."

Yaya ba ta da sauran ƙarfin gardama. Ta cire tukunyarta ta bar geron.

A shingen shiga Tasawa jandarmomi suka tsayar da motar da ta ɗauko ni da Yaya da akwatunan. Lokacin mulkin soja ne, ana sa ido sosai kan hatsi. Suka sa muka zazzage komai a bakin hanya. Wani mai furfura a cikinsu ya kwance ƙullin, ya murza geron a tafinsa.

"Wannan iri ne," ya ce da ni. "Mai da shi gida."

Muka sake naɗe tasoshin cikin rana. Ɗan kasuwar ya karɓi akwatunan ko aunawa bai yi ba.

Da na dawo gida ni kaɗai na miƙa wa Inna ƙullin, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tambaye ni ko Yaya ta samu ta ci wani abu a hanya.