Zagaye Saba'in a Cikin Kara

Misbahu mahauci ne ɗan mahauta, teburinsa na kusa da shagon ɗinkina a Talata Mafara. Shekararsa talatin da huɗu, yana da mata da 'ya'ya uku, kuma Allah ya jarabce shi da son gudu. Ba ƙwallo ba, gudu zalla, babu mai korarsa. Tun da ya ga tseren kilomita ashirin da ɗaya a waya, wanda ake yi a Kaduna duk shekara, ya ce sai ya je. Mun yi masa dariya har muka gaji muka bari.

Da can hanyar Bakura yake bi bayan asuba, ya bi gefen magudanar ruwan Bakolori ya dawo kafin a yi yanka. Sai zamani ya canja. 'Yan bindiga suka ɗauke yayansa Sadi a hanyar Maradun, ya je sayen shanu, har yau shiru. Daga nan gudu ya daina zama wasa a ƙasarmu. In ka ga babban mutum a guje, ba ka tsayawa tambaya.

Misbahu ne kaɗai bai gane haka ba. Wata safiya ya ratsa gonakin albasa ta wajen Garbadu yana haki. Masu ban ruwa suka hango shi, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Aka bar injuna suna ta zuba, wata tsohuwa ta faɗa rami ta karye a ƙugu. Ban ga laifinsu ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Mai unguwa Yari ya kira shi gaban mutane.

“Misbahu, mi aka biɗa ga gudun ga? Wa ka korar ka?”

“Ranka shi daɗe, motsa jiki na kawai.”

“To motsa shi cikin ɗakinka. In munka sake ganin ka guje bisa hanya, ni da kai na.”

Sai ya koma kara, inda ake cin kasuwar shanu ran Talata. Sauran ranaku fili ne da katanga da kashin shanu. Ya auna da wayarsa, zagaye ɗaya mita ɗari uku. A nan ya yi shekara biyu yana kewayawa kamar raƙumin da aka ɗaure a turke. Ni abin haushi yake ba ni, mutumin da ƙafarsa ta san hanya har Bakura.

Bara ya yi rajistar tseren Kaduna, wani direban mota ya kawo masa lambarsa ta ɗaurawa a ƙirji a cikin ambulan. Ya zo na ɗinka mata igiya a kusurwa huɗu, don bai yarda da fil ba. Saura kwana uku ya je sallamar mahaifiyarsa, Inna Kaltumi. Ina tsaye a zaure ina jin su.

“Inna, kwana biyu na kawai. Da rana za mu bi hanya, cikin ayari.”

“Sadi ma da rana yat tafi.”

“Inna…”

“Ɗiya biyu maza ni haifa. Hanya ta ci guda. In ka hau ta, ban yafe ba.”

Shi ke nan. Mahauci mai kayar da bijimi shi kaɗai ya fito yana share ido da hularsa. Na so in ce masa ya tafi kawai, amma wa zai ba mutum shawarar tsallake maganar uwa? Kuma tsakani da Allah, ni ma tsoron hanyar nake.

Ran tseren, Asabar ce, na je kara da sassafe don na san can zan same shi. Ya ɗaura lambarsa a ƙirji. Abin da ban zata ba shi ne Inna, zaune a kan tabarma a gindin katanga, da carbi a hannu. Ashe ita ta ce za ta ƙirga masa. Ƙarfe bakwai daidai, lokacin da ake sakin mutane a Kaduna, ya tashi. Duk zagaye ta ja ƙwaya ɗaya. Babu tafi, babu mai ba da ruwa sai ni da buta. A zagaye na hamsin ƙafarsa ta fara ja, na ce ya huta, ko kallona bai yi ba. Awa biyu da minti goma sha ɗaya ya yi.

Da ya cika saba'in ya tsaya a gabanta, ya dafa gwiwa. Ta ɗago carbin ta dube shi.

“Ka isa?”

“Na isa, Inna.”

Ta waiga ta dubi katanga, ta dubi turakun shanu, ta dubi ƙofar da suka shigo.

“To, alhamdu lillahi,” ta ce. “Ga ka nan.”

Ta kama wuyan hannunsa ta riƙe gam. Ya cire lambar ya ninke ta ya sa a aljihu. Suka fita ta ƙofar kara suka nufi gida, yana tafiya a hankali don kada wani ya tsorata.