Ranar Sauya Zango a Ƙarfen Sabis na Ƙauyenmu

Shekarar da kamfanin wayar da nake wa aiki ya ce za a karɓe zangon da ƙananan wayoyi ke hawa, wato hanyar iskar da kiransu ke bi, a ba masu intanet, ni aka tura ƙarfen sabis na ƙauyenmu, can bayan Bakori. A baki aikin ba wuya: a tura wayoyin mutane kan ƙarfen da ke makwabtaka, a sauya zango, a dawo da su, ba wanda zai sani.

Injiniyan ofis ya zaɓi lokacin sallar Juma'a, wai kwamfuta ta nuna ba a kira a lokacin. Raina ya ɓaci. Kwamfutarsa ba ta san filashin ba, mu kuwa da shi muke rayuwa. Tun da 'yan bindiga suka fara ɗaukar mutane a gona, aka ajiye mai gadi kan dutse. In ya hango babura, sai ya yi wa mutum ɗaya a kowace gona filashin. Waya na ƙara za a zubar da komai a gudu, ba mai tsayawa duba lamba. A gonarmu wayar Yayata ce, ga shi ranar suna karyar masara, mata zalla.

"Ranka ya daɗe, a ɗaga zuwa magariba mana," na ce masa a waya.

"Malam, an riga an sa hannu. Ai sabis ba zai ɗauke ba."

Ya ɗauke kuwa. Ina riƙe da ƙaramar waya irin ta Yaya, ina kallo sandunan sabis ɗinta suka ɓace ƙaf. Na dubi dutsen, na dubi hanyar daji. Wallahi na ji tsoro. Injiniyan kuwa yana ta ce min "saura kaɗan" ta layin wani kamfani, kamar in shaƙe shi.

Sabis na dawowa, ban yi wata-wata ba na danna lambarta. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, sai ga muryarta tana haki.

"Au, kai ne ka kira?"

"Ni ne. Lafiya kuke, Yaya?"

"Ina fa lafiya. Muna jin ƙara muka watse cikin dawa. Matar ƙaninka ta faɗi a kwari da tsohon cikinta, ta kasa tashi. Nemo mana babur."