Wanda Ya Sayi Gidan da Tela Take Haya

Kowa a gidan hayar Tela yake ce mata, har 'ya'yan maƙwabta. Ta shigo ɗakin da ke kusa da famfo tun tana iya ɗaukar kan keken ɗinki ita kaɗai, ta zauna a ciki har ta fara neman mai zura mata zare a allura. Kayan makaranta take ɗinkawa. Da keken nan ta yi jinyar mijinta har ya rasu, da shi kuma ta riƙe ƙaninta Auta bayan iyayensu, har ya gama karatu ya kama harkar kayan gini, ya yi arziki, ya koma can ɗaya gefen gari. Yakan kira ta jefi-jefi.

Da tsohon mai gidan ya rasu, magada suka sayar, ba wanda ya ga mai sayen. Sai wakilinsa, wani ejan mai yawan turare, ya zo ya manna notis a kowace ƙofa: a tashi cikin mako guda, za a rushe a yi shaguna. Tela ta tambaye shi kuɗin ajiyar da ta bayar da za ta shigo, wanda ake riƙewa ko da ɗan haya zai yi ɓarna.

"Wanda kika ba ai yana kabari, Mama. Sai ki bi shi can."

Ba ta tashi ba, don ba ta da inda za ta. Wata rana ta dawo daga sayen yadi, tun daga bakin famfo ta hango gadonta. Ta tsaya tana kallo, ta rasa me ya sa take ganin gado daga tsakar gida. Can ta gane babu ƙofa. An kwance ta an tafi da ita. Ɗinkin mutane a rataye, kwanukanta, bokitin wankanta, duk ga su a idon mai wucewa. Yadin ya zame daga hannunta ya faɗi cikin ruwan famfo, ba ta ko sunkuya ba.

Maƙwabcinta, direban bas, shi ma an cire ƙofarsa. Shi ya tara su suka je ofishin sasanta masu gida da 'yan haya. Jami'ar da ta saurare su ta ce ejan bai isa ba, sai mai gidan ya zo da ƙafarsa.

Ranar zaman, Tela na kan benci sai ejan ya shigo, Auta na bayansa. Ta miƙe da fara'a, a zatonta labari ya ji ya zo tsaya mata, har ta matsa masa wuri. Ya wuce ta ya zauna kusa da ejan.

"Auta, nan ne wurinmu."

"Yaya, ki zauna tukuna. Zan miki bayani."

Ta dube shi, ta dubi ejan. "Kai ne?"

"Na riga na nema miki wani ɗaki, Yaya, har da banɗaki a ciki. So na yi sai an gama in faɗa miki. Ƙofa kuwa, wallahi ban ce a taɓa taki ba."

"Tasu fa?" Ta nuna direba da matarsa mai tsohon ciki.

Auta ya sunkuyar da kai yana juya wayarsa.

Jami'ar ta yi bayani mai tsawo, amma Tela ba ta ji ko rabi ba. Direba ne ya maimaita mata a hanya. Mako guda ba notis ba ne, an ba su wata shida. Ƙofofi a mayar a ranar. Kuɗin ajiya kuma, wanda ya sayi gida ya saya har da nauyinsa, Auta ne zai mayar wa kowa.

Kafinta ya zo ya mayar da ƙofar a karkace, har ta bar gidan sai ta ɗaga ta da kafaɗa take rufuwa.

Ba ta karɓi ɗakin Auta ba. Ta sami wani ƙarami a bayan shagon wanki da guga, masu kawo ɗinki suka biyo ta. Auta ya zo sau biyu, ta ba shi ruwa, ta tambayi yara, hira ba ta wuce nan ba.

Matar direba ta kawo mata jaririnta ta gani, ta tambaye ta ko ta yafe masa.

"Ban ma kai nan ba, 'yata," in ji Tela. "Har yau in na tuna yadda ya wuce ni ya zauna can, sai in ga kamar wani ne ya ari fuskarsa."